Ina 'Ya'yan Marke Suka Tafi?

Lacca ce da aka gabatar a Makarfi, a gaban manoma, makiyaya, malaman gona da ɗalibai

Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamaina, iyayenmu mata da na hango can gefe, manoma da makiyaya, da ku ƙannena ɗalibai, Allah ya saka muku da alheri da kuka baro ayyukanku. Na san lokacin saran rake ne, motoci na jiran lodi, tukwanen mazarƙwaila na kan wuta. Wanda ya ba ka awa biyu a Makarfi a wannan wata ya ba ka abu mai tsada.

Akwai ƙwarya tana zagayawa. Don Allah kowa ya ɗauki ɗaya daga abin da ke ciki, ya riƙe a hannu, kada ya yar, domin za mu dawo kansa. Dattawa sun riga sun gane shi, na ga wasu suna murmushi. Ga yara kuma, wannan ɗan dunƙule mai ruwan ƙasa, mai ƙaiƙayi, wanda bai fi kan ɗan yatsa ba, 'ya'yan marke ne. A bakin wata fadama na tsinto su shekaranjiya, a ƙarƙashin wani tsohon marke da mutum biyu ba za su iya rungume shi ba.

A littattafan Turanci ana kiran marke da sunan wata bishiya ta ƙasashen sanyi wadda Turawan Ingila ke ce wa birch, masana tsirrai kuma suke ce mata betula. Wai shi ne betular Afirka. Duk wanda ya ga su biyun zai gane dalilin laƙabin. Ganyensu ƙanana ne, ƙarshen rassansu sirara ne masu lanƙwasowa ƙasa kamar gashin da aka tsefe, ɓawonsu kuma yana ɓamɓarewa da kansa ya bar jikin bishiyar dabbare-dabbare. Baturen da ya baro garinsu ya hango marke a dajin Zazzau, gida ya tuna. Amma kamar ce kawai, irin ta mutum biyu da suka haɗu a kasuwa aka ce kamar an tsaga kara, alhali ko kakanninsu ba su san juna ba. Dangin marke suna nan tare da mu: baushe, kandare, taramniya, geza da sabara. Tun 1828 wani masani a birnin Janeba, de Candolle, ya fara rubuta siffar marke a kimiyyance. Bayan 'yan shekaru masana biyu, Guillemin da Perrottet, masu nazarin tsirran Senegal, suka raɗa masa suna Anogeissus leiocarpus, sunan da ya yi kusan shekara 190 yana amsawa. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Olivier Maurin ta gwada ƙwayoyin gadon wannan dangi, ta ga cewa marke ya shige tsakiyar gidan su baushe har ba a iya ware shi, don haka yanzu za ku riƙa ganin an rubuta Terminalia leiocarpa. Ɗalibai ku riƙe sunayen biyu, domin idan kuka nemi ɗaya kaɗai a intanet rabin binciken zai ɓace muku.

To in ba dangi ba ne, me ya sa zan ɓata muku lokaci da bishiyar da ba za ta taɓa tsira a Gimi ko Hunkuyi ba? Dalilina biyu ne, kuma na biyun ya fi damuna. Na farko, sana'arsu a daji kusan ɗaya ce. Na biyu, mutanen da ke da betula sun zauna sun ƙura mata ido shekara da shekaru har suka san cikinta da bayanta, mu kuwa namu yana ƙarewa a hannunmu ba mu ko ƙirga shi ba.

Betula tana da jinsuna da dama, daga Kanada zuwa Rasha har tsaunukan Himalaya. A Finlan ita ce bishiyar ƙasa. Farin da ke jikin ɓawonta wani sinadari ne da ake kira betulin, wanda aka fara warewa tun 1788, kuma yana cikin abin da ke hana ruwa da ruɓa shiga ɓawon. Saboda haka ne a birnin Nobgorod na Rasha, a watan Yulin 1951, masu haƙar tarihi suka fara tono wasiƙun da aka rubuta a kan ɓawon betula ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har da na wani yaro mai koyon baƙaƙe, rubutun yana nan ana karantawa. Ba ta da dogon rai, da yawa ba sa kai shekara 100. Iska ke ɗaukar garin furenta daga wannan zuwa waccan, iska kuma ke watsa irinta, wanda babbar bishiya guda kan zubar da fiye da miliyan a shekara mai kyau. Inda gobara ta cinye daji, ko aka sare shi, ko aka bar gona, ita ce ke fara sauka. Da ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin Turai ta janye, kimanin shekara 11,000 da suka wuce, tana cikin itatuwan farko da suka mamaye filin. An san haka ne daga garin fure da ya kwanta a cikin taɓon tafkuna, hawa-hawa kamar shafukan littafi, dabarar da Lennart von Post na Suwidin ya gabatar a 1916. Sai ta yi inuwa, ganyenta ya zuba ya gyara ƙasa, wasu itatuwa masu jure inuwa su tsiro a ƙarƙashinta, su girma su shafe ta. Ita ke share fage, wasu su zo su zauna.

Yanzu ku saurari abin da aka gano game da marke. A gandun dajin Komowe da ke arewa maso gabashin Kwaddibuwa akwai tsibiran kurmi a tsakiyar dajin ciyawa. Wani Bajamushe, Klaus Hennenberg, da abokan aikinsa suka auna itatuwa tun daga cikin ciyawa har zuwa tsakiyar kurmin, suka buga sakamakon a 2005. Sun tarar ƙananan marke sun fi yawa a bakin kurmi, inda haske ke samu kuma wutar daji ba ta da ƙarfi sosai, manya kuma suna can ciki. Ma'ana marke ne ke tura kurmi gaba. Yana kafa ƙafa a gefen ciyawa, in ya tashi inuwarsa ta rage ciyawar, wuta ta rasa abin ci, sai itatuwan kurmi su biyo bayansa, su kuma 'ya'yansa ba sa jin daɗin duhun da ya biyo baya, dole su sake matsawa gaba. Wannan ita ce sana'ar betula, a wata ƙasa, da wani yanayi.

Ku tuna sunayen garuruwanmu. A Ikara akwai Kurmin Kogi. A Kudan akwai Doka. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye abin da idonsa ya gani ya faɗa. Mu nan muna bakin iyakar dajin doka ne, inda ya fara sakin hannu yana miƙa wa dajin da ya fi bushewa na wajen Kano, kuma ruwan da muke samu a shekara yana kai-komo ne a wajen milimita 1,000. A irin wannan wuri marke ya fi son bakin rafi, gefen fadama, gindin dutse, da kewayen suri, inda ƙasa ke riƙe laima kuma wuta ba ta cika kaiwa ba. Ɓawonsa ba shi da kauri irin na kaɗanya ko na baushe, waɗanda suka saba da wuta kamar maƙeri. Ƙaramin marke wuta ɗaya ta watan Fabrairu ta ishe shi.

Akwai wani darasi daga can arewacin Finlan da nake so makiyaya su ji. A 1965 da 1966 tsutsar wani malam-buɗe-littafi ta faɗa wa dajin betula a yankin Utsjoki, ta cinye ganye a fili fiye da murabba'in kilomita 1,000. Itatuwa da yawa suka mutu, amma kututturansu suka yi toho kamar yadda suka saba. Sai dabbobin kiwon mutanen wurin, wata irin barewa da suke kiwo kamar yadda muke kiwon shanu, suka riƙa cinye tohon duk lokacin da ya fito. Wurare da yawa har yau ba su koma daji ba. Tsutsa ta kayar, kiwo ya hana tashi. A tashar bincike ta Kebo, ta Jami'ar Turku, Erkki Haukioja da ɗalibansa suka shafe shekaru suna bin wannan lamari, suka nuna cewa betular da aka ci ganyenta tana sauya sinadaran sabon ganyen da za ta fitar, ya zama abincin da bai ƙosar da tsutsa kamar da. Bishiya ba ta gudu, ba ta cizo, da ɗaci da bauri take faɗa.

Wanda ya taɓa tauna ganyen marke ko ya yi asuwaki da saiwarsa ya san wannan baurin, wanda ke kama harshe har miyau ya ƙafe. Sinadarin tanin ne, danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Bishiyar don kanta ta yi shi, don ta kori ƙwari da ruɓa, mu kuma muka zo muka ara. A Mali, matan Bambara suna tafasa ganyen marke, wanda suke kira ngalama, su tsoma farin saƙi ya fito rawaya, sannan su zana ado a kai da taɓon kogi da aka ajiye ya kwana biyu. Ƙarfen da ke cikin taɓon yana haɗuwa da tanin ɗin ganye ya zama baƙi wanda wanki ba ya fitarwa. Wannan shi ne bogolan da ake sayarwa har Faris. A nan gida an yi amfani da tokar marke wajen cire gashin fata kafin jima. Ƙaronsa yara na ci. Ɗan'uwansa na Indiya ƙaronsa har fatauci ake yi da shi zuwa ƙasashen waje. Itacensa kuwa nauyi gare shi, zuciyarsa baƙi-baƙi, gara ba ta cika samun sa'arsa ba, shi ya sa ake nemansa wajen dirka da ƙota. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, sannan ya fitar da babban littafinsa na amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937, ya rubuta irin waɗannan abubuwa, kuma daga bakin kakanninmu ya ji su. Bayarabe na ce masa ayin, Bafulatani kojoli. Daga Senegal har Habasha babu inda ba a san shi da wani aiki ba.

Ni kaina da jiƙon marke aka raine ni. In tari ya kama mu da hunturu, kakata takan aiki yayana ya saro ɓawo, ta ce masa ya sara gefe ɗaya kawai, tsawon tafin hannu, kada ya kewaye. In ya dawo ta duba, ta jiƙa a kasko, ruwan ya yi ja kamar shayi, a ba mu da safe muna yamutsa fuska. Na girma na yi karatu kafin na fahimci hikimar wannan gefe ɗayan. A ƙarƙashin ɓawo akwai wata siririyar fata mai laushi wadda ta nan abincin da ganye ya sarrafa ke gangarawa zuwa saiwa. In ka kewaye bishiya da sara ka yanke wannan hanya, saiwa ta mutu da yunwa, ko da ganye ya ci gaba da kore har wata shida. Kakata ba ta taɓa ganin madubin ƙara girma ba, amma ta ga marken da aka kewaye ya bushe, ta riƙe.

Masana sun bi sawun waɗannan magunguna. A 2008 M. N. Shu'aibu na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da abokan aiki a Jami'ar Nagasaki ta Japan, sun buga binciken da ya nuna sinadaran ɓawon marke da na baushe suna kashe ƙwayar cutar sammore a ɗakin gwaji, kuma sun ambaci wani sinadari mai suna kastalajin a cikin masu aikin. A 2011 Ademola da Eloff sun gwada ruwan ganyensa a kan ƙwai da tsutsar cikin tumaki, wadda ke shan jininsu har su rame, suka ga yana yi musu illa. An kuma yi gwaje-gwaje da dama a kan ƙwayoyin cutar baki, abin da ke ƙarfafa al'adar asuwaki. Kamfanonin man shafawa a Faransa da Amurka har sun sa ruwan ɓawonsa a kayansu.

A nan sai na ja hankalinku, musamman ɗaliban kiwon lafiya. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba bai zama lallai ya warkar da mutum ba. Sai an san nawa za a sha, kwana nawa, me zai yi wa hanta da ƙoda, me zai yi wa mai ciki. Labarin betula ya koyar da wannan. A 1997 Suzanne Simard ta buga wani bincike da ta yi a dajin yammacin Kanada, inda ta nuna cewa sinadarin kabon yana ratsawa tsakanin betula da wata bishiyar katako da ke kusa da ita, kuma ta danganta hakan da zaren naman gwari da ke haɗe saiwoyinsu a ƙarƙashin ƙasa. Aikin ya yi kyau, duniya ta ɗauka, har aka kai ga cewa itatuwa na shayar da 'ya'yansu suna hira da juna. A 2023 wasu masana uku, Karst da Jones da Hoeksema, suka koma suka bi gwaje-gwajen da aka yi a daji ɗaya bayan ɗaya, suka nuna cewa maganar ta yi wa hujjar nisa. Ita Jones ɗin tana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 1997. Wannan hali ina girmama shi ƙwarai, mutum ya dawo ya ce abin da muka faɗa an ƙara masa gishiri. Haka nake so mu yi da marke. Mu faɗi abin da aka gwada, mu tsaya a nan, kada mu ɗora masa maganin cuta arba'in a lasifikar kasuwa, domin duk cutar da aka ƙara masa, wani ɓawon ne za a je a ɗaye.

 

Yanzu ku buɗe hannunku. Ku murza dunƙulen nan da yatsa. Kun ga ya wargaje ya zama 'yan ɓarɓashi masu faɗi, kowanne da fiffike biyu da ɗan tsini kamar bakin tsuntsu. Kowane ɗaya ɗa ne mai zaman kansa, kuma a ƙa'ida akwai ƙwayar iri a cikinsa. Ba su da nauyi ko kaɗan, kilo guda ya haura 100,000. Wanda ke da farce mai kaifi ya tsaga ɗaya. Baba, me ka gani? Babu komai. Hajiya fa? Fanko. A tsaga wani. Za mu iya yin haka har la'asar, kaɗan ne a cikinmu za su dace da ƙwaya mai rai.

Lokacin da nake ɗalibi na cika tire da irin marke, na yi ta ban ruwa safe da yamma har mako shida, abin da ya tsiro bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Na zaci ni na yi kuskure. Daga baya na karanta cewa masu binciken irin itatuwa a Burkina Faso sun daɗe da sanin wannan, yawancin 'ya'yan marke fanko ne tun a kan uwa, wanda ke da ƙwaya ma ba ya daɗewa a ajiye. Betula ma tana zubar da fanko da yawa, musamman a shekarar da garin fure ya yi ƙaranci, ko bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, domin ba ta cika karɓar garin furen kanta ba. Mutanen Finlan da suka gane haka sai suka zaɓo itatuwa mafi miƙewa da saurin girma, suka tara su a manyan rumfunan leda suna barbarar juna, daga nan suke samun irin da suke dashe da shi. A 2017 masana a Jami'ar Helsinki suka karance kundin gadon betula kaf. Tambayar da nake so a amsa a nan ita ce: shin marken da ya rage shi kaɗai a tsakiyar gonar masara ya fi yin fanko a kan wanda ke cikin 'yan'uwansa a bakin rafi? Furensa ƙanana ne, ɗorawa-ɗorawa, masu ƙamshi, ƙwari ne ke ziyartarsu. To feshin da muke yi wa tumatir da wake, yana taɓa waɗannan ƙwari? Zato ne nake yi, kuma zato ba ya zama ilimi sai an gwada.

Akwai abu na biyu da ya fi fanko haɗari. Katharina Schumann da abokan aikinta sun ƙirga marke a gabashin Burkina Faso, a cikin gandun daji, da cikin saura, da cikin gonakin da ake nomawa, suka buga a 2011. A saura sun tarar da shi lafiya lau, manya da matasa da jarirai, duk da ana saransa, domin yana toho bayan sara. A gonakin da ake nomawa kuwa matasan ne suka yi ƙaranci. Ashe saura ce ɗakin haihuwarsa. Iyayena manoma, ku gaya mini, wa ke barin saura yanzu tsakanin Tashar Yari da Gubuchi? Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke raba ta. Fadamar da da ake bari sai kiwo, yanzu rake ne da tumatir da albasa har bakin ruwa. Ba laifin kowa ba ne, ciki ne ke nema. Amma sakamakon shi ne duk ɗan tsiron da ya tsallake fanko, garma ko maganin ciyawa na jiransa da damina, akuya da wuta na jiransa da rani. Su kuma manyan, gatari na bin su ɗaya bayan ɗaya, domin mai gidan burodi da mai tsire da mai gawayi duk sun san babu itace mai riƙe wuta kamar marke. Shekaranjiya da na tsinci waɗannan 'ya'ya, na zagaya gindin uwar taku hamsin ta kowace fuska ina duba ƙasa. Ban ga ƙaramin marke ko ɗaya ba. Garin da ka shiga ka ga tsofaffi zalla, ba kukan jariri, ka san abin da ke tafe.

Muna da cibiyoyin da za su iya wannan aiki, kuma suna kusa. Samaru tun 1922 ake binciken noma a can. A shekarun 1960 aka buɗe tashar binciken dazuzzukan sabana a Samarun, aka yi gwaje-gwaje masu yawa a Afaka kusa da Kaduna, mafi yawa a kan itatuwan da aka kawo daga waje masu saurin girma, irin su turare. Darbejiya ma baƙuwa ce daga Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, ga shi yau ta zama 'yar gida. Ban raina wannan aiki ba, inuwar da muke zaune a ƙarƙashinta a makarantu da asibitoci daga nan ta fito. Sai dai namu na gida an bar su a matsayin abin da Allah ke shukawa, ba a tambayi yadda suke haihuwa ba. Kuma Samaru ta taɓa nuna wa duniya amfanin sauraron manomi. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman ya zauna da manoman Hanwa da Dan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Kano, ana rubuta aikinsu kullum, har ya tabbatar da cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake yi wa kallon rashin wayewa, lissafi ne mai kyau. Irin wannan zama nake roƙo a yi wa itatuwa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya ɗaya. Tun daga 1983 manoma can, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da suke kira sassaben zamani: in ka zo sharar gona ka tarar da kututture ya yi toho goma, kada ka sare duka, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran, ka yi musu aski suna tashi. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ta riga ta kai ga laima, don haka tohon ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi da hotunan sama ya kiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, inda ruwansu bai kai namu ba. Ga bishiyar da irinta ke da wuyar tsira kamar marke, kowane kututture mai rai dukiya ce. Abin da ke kashe shi shi ne tara kara a kansa a cinna wuta.

Ga abin da nake nema daga ɗalibai, kuma ba ya bukatar kuɗin Abuja. Tef ɗin tela, reza, littafin rubutu, da wayar da ke aljihunku. Kowane rukuni ya ɗauki rafi ɗaya ko fadama ɗaya, ya nemi izinin mai unguwa da masu gonaki. Duk marken da kuka samu ku auna kaurinsa daidai ƙirji, wato mita 1.3 daga ƙasa, ku ɗauki wurinsa da waya, ku rubuta ko an ɗaye shi, ko an sassare rassansa, ko wuta ta taɓa shi, da taku nawa ne tsakaninsa da ɗan'uwansa mafi kusa. Ku tsinci 'ya'ya 100 daga kowace uwa ku tsaga, ku rubuta nawa ne masu ƙwaya. Ku duƙa ku nemi ƙanana, ko da tsawonsu bai wuce taƙi ba, ku kafa musu alama, ku dawo bayan damina ku ga wanda ya rayu da abin da ya kashe wanda ya mutu. Badi a sake, da wata badin. Kuma kafin ku auna ko bishiya ɗaya, ku zauna da dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ku tambaye shi ina marke yake da, yaushe aka sare, wane wata yake fure, wace shekara ya ga ƙanana sun fito da yawa. Ku rubuta da sunan wurin da shekarar, yadda ya faɗa.

Ranka ya daɗe, roƙona gare ku da dagatai shi ne a samu ko da kadada ɗaya a bakin rafi a kowace gunduma, inda akwai manyan marke uku ko huɗu kusa da juna, a yi mata shinge, a share mata hanyar wuta kafin hunturu, a hana sara da kiwo na shekara biyar, makiyaya su san da maganar tun farko domin a bar musu hanyar ruwa. A nan ne ɗaliban za su ga ko marke zai haihu in an ba shi sarari.

Wanda ya dace da ƙwaya mai rai a cikin abin da ya tsaga, don Allah kada ya zubar, ya kawo nan gaba a sa a wannan kofi, mu ƙirga tare mu ga nawa muka samu a cikin ƙwaryar. Iyayena da suka san wuraren da marke ya rage a Makarfi da Ikara da Kudan, ina nan zaune bayan an tashi, da littafina.